Harajin gida a Minna: Da wane mudu ake auna wa mai gida?

A ranar 26 ga Mayun 2025, jami'an Hukumar Gudanar da Babban Birnin Tarayya suka shiga garƙame gine-ginen da aka ce masu su sun yi shekara da shekaru ba su biya kuɗin ƙasa ba. Cikin waɗanda abin ya rutsa da su har da Wadata Plaza, hedikwatar jam'iyyar PDP, da wani ofishin hukumar tara haraji ta ƙasa, FIRS, da ke Wuse. Tun a watan Maris na shekarar Minista Nyesom Wike ya amince da soke takardun mallakar filaye 4,794. Sai da Shugaba Bola Tinubu ya sa baki sannan aka ba masu bashin wa'adin kwana 14, tare da tarar da ta kama daga naira miliyan 2 zuwa miliyan 5, gwargwadon unguwar da ginin yake.

Ba kowane ma'aikacin tarayya ne ya mallaki ko taku ɗaya a Wuse ko Maitama ba. Amma da yawa daga cikin masu cika ofisoshin Abuja da safe suna da gida a wani gari, wanda suka gina bulo bayan bulo da rarar albashi da adashi da bashin ƙungiyar ma'aikata. Ga ɗimbin 'yan Jihar Neja, da baƙin da aiki ya taɓa kai su can suka ga wurin zama, wannan gari shi ne Minna, mai nisan kimanin kilomita 150 daga Abuja. Can iyali suke, can ake nufa ranar Juma'a da yamma ta hanyar Suleja, can kuma aka yi niyyar komawa idan an ajiye aiki. Gemun maƙwabci ya kama da wuta, dole mai gida a Tunga ko Bosso ko Maitumbi ya waiwayi tsofaffin takardunsa.

Idan ya waiwaya, abin da yakan tarar ba ya kwantar da hankali. Ƙorafin masu gidaje iri biyu ne, kuma na biyun ya fi na farkon zafi. Na farko, abin da ake nema daga gare su yana hawa alhali ginin bai ƙara ko ɗaki ɗaya ba. Na biyu, mutum ba ya iya gane dalilin da ya sa aka yanka masa wannan adadi, maƙwabcinsa mai gida irin nasa kuma aka yanka masa wani. Tsada abu ce da ɗan Najeriya ya saba haɗiyewa, ko da yana gunaguni. Abin da ke tsaya masa a maƙogwaro shi ne a auna masa da mudun da ba a nuna masa ba.

Takarda biyu, hukuma biyu

Rabin ruɗanin ya samo asali ne daga suna. A bakin jama'a duk "harajin gida" ne, amma a doka abubuwa biyu ne mabambanta, kowanne da mai karɓarsa da ma'auninsa.

Akwai kuɗin ƙasa, wanda asalinsa Dokar Amfani da Filaye ce ta 1978. Wannan doka, wadda gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Ga mutanen Arewa ba baƙon abu ba ne, domin daga Dokar Mallakar Filaye ta Arewa ta 1962 aka ɗauko ruhinta. Ma'anarta a aikace ita ce, mai riƙe da takardar shaidar mallaka ɗan haya ne na dogon zango, galibi shekara 99 idan gidan zama ne, kuma yana biyan kuɗin hayar ƙasar da ya yi gini a kai kowace shekara. Wannan kuɗi na gwamnatin jiha ne. A Neja, lamarin takardun filaye yana bi ta ma'aikatar filaye da hukumar taswirar filaye ta jihar, NIGIS.

Sai kuma harajin gini, wanda Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya cikin ayyukan ƙananan hukumomi: su ne masu ƙiyasta gidajen jama'a domin karɓar harajin da majalisar dokokin jiha ta tsara. Birnin Minna kuwa ba ƙaramar hukuma ɗaya ba ne. Tsakiyarsa na ƙarƙashin Chanchaga, gefunansa da ke ta bunƙasa sun faɗa cikin Bosso. Mutum na iya fita daga wannan ya shiga waccan bai ga wata alama a bakin hanya ba, amma ofishin da ke da hurumin ƙiyasta gidansa ya sauya. A kan waɗannan biyu sai a ɗora kuɗin amincewa da tsarin gini, da kuɗin neman yardar gwamna idan an yi ciniki, da kuɗin kwashe shara. Ga wanda ke karɓar takardun, duk hannu ɗaya ne ke shiga aljihu ɗaya.

Bambancin nan yana da amfanin da masu gidaje da dama ba su sani ba. Sashe na 16 na Dokar Amfani da Filaye ya gindaya wa gwamna sharuɗɗa biyu wajen yanka kuɗin ƙasa ko sabunta shi. Dole ne ya dubi abin da aka yanka wa filaye makamantansa da ke maƙwabtaka da shi. Sannan ba shi da damar ƙara kuɗin saboda dukiyar da mai filin ya zuba a cikinsa. Wato wanda ya ɗora bene, ko ya sauya rufi, ko ya haƙa rijiyar burtsatse, ba dalili ba ne a ƙara masa kuɗin ƙasa. Harajin gini ne kaɗai ke iya bin darajar ginin. Fuloti biyu masu girma ɗaya, a layi ɗaya, masu amfani iri ɗaya, bai kamata kuɗin ƙasarsu ya yi hannun riga ba. Daidaiton da mai gida ke nema ba alfarma yake roƙo ba, tun 1978 yake rubuce.

Yadda lissafi ke hawa ba tare da an taɓa doka ba

Ƙiyasin darajar gida sana'a ce mai ƙa'ida. A Najeriya, dokar da aka kafa a 1975 ta keɓe aikin ga ƙwararrun masu ƙiyasta kadarori da ke da rajista. Hanyoyinsu sanannu ne. Ko dai a dubi abin da gidan zai kawo na haya a shekara, ko a dubi farashin da aka sayar da makamantansa, ko a lissafa abin da za a kashe a sake gina shi yau sannan a cire tsufa. Kowace daga cikin ukun tana da inda take tuntuɓe a gari irin Minna.

A ɗauki ta ukun, domin ita ce ta fi cizo a 'yan shekarun nan. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta a watan da ya biyo baya, kayan gini suka yi tashin gwauron zabi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a sassa da dama na ƙasar. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disambar 2024. Gidan da aka gina a 2008 da siminti mai araha, idan aka tambayi abin da za a kashe a maimaita shi yau, amsar za ta ninka sau da yawa. A takarda mai gidan ya zama attajiri. A zahiri rufinsa ne ya ƙara yoyo.

Ga misali na lissafi kawai. A ce an ƙiyasta gida a kan naira miliyan 20, ana karɓar naira ɗaya a kan kowace dubu. Harajinsa naira 20,000 ke nan. Idan sabon ƙiyasi ya ce gidan ya kai miliyan 45, harajin ya koma naira 45,000, alhali majalisar dokoki ba ta zauna ba, ba a yi muhawara ba, babu wani ɗan siyasa da ya tsaya gaban jama'a ya ce ya ƙara haraji. Wannan ne ya sa ƙiyasi ya fi kaso muhimmanci. Kaso a fili yake, kowa na iya karanta shi a doka. Ƙiyasi kuwa a cikin ofis ake yin sa.

Samun mai gidan bai bi sahun wannan lissafi ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi na ƙasa zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, Gwamna Mohammed Umaru Bago kuma ya amince da naira 80,000 ga ma'aikatan Neja, amma hauhawar farashi ta riga ta cinye ƙarin tun kafin ya iso. Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne ɗan fansho. Ya zuba garatutinsa a gini domin ya huta da biyan haya, gidan ba ya kawo masa ko kwabo tunda a ciki yake zaune, darajarsa a takarda kuma kullum sama take yi.

Hanyar kwatanta farashin ciniki ma ba ta tsira ba. Sashe na 22 na dokar 1978 ya wajabta neman yardar gwamna kafin a sayar da fili mai takarda, kuma kuɗin da ake biya a kan haka yana bin farashin da aka rubuta. Saboda haka sananne ne a faɗin ƙasar nan cewa mai saye da mai sayarwa kan rubuta ƙasa da abin da aka biya, wasu kuma ba sa kai cinikin gaban hukuma sam, sun wadatu da takardar yarjejeniya mai sa hannun shaidu da mai unguwa. Ainihin farashin gidajen Minna yana kan dillalai, ba ya cikin fayil. Jami'in da aka tura ya ƙiyasta gida ba tare da amintattun alƙaluma ba, da ido zai auna: fentin katanga, girman ƙofar shiga, motar da ke tsakar gida. Inda ido ya zama ma'auni, ciniki ya samu ƙofa. Mai baki da mai sanayya su samu ragi, mai kunya da wanda ba ya gari su biya yadda aka rubuta. Ba sai an samu mugun jami'i ba kafin hakan ta faru; tsarin da ya bar komai ga ganin damar mutum ɗaya ya isa.

Garin kansa kuma ba a tsaye yake ba. Minna, wadda layin dogon Baro zuwa Kano ya raya a farkon ƙarnin da ya gabata, ta zama babban birnin jiha a 1976, kuma tun daga lokacin take faɗaɗa ba bisa tsari ɗaya ba. Komawar Jami'ar Fasaha ta Tarayya mazauninta na dindindin a Gidan Kwano ta mayar da gonakin hanyar Bida wuraren gina ɗakunan hayar ɗalibai. Hedikwatar hukumar shirya jarrabawa ta NECO da sauran ofisoshin tarayya sun kawo masu haya masu albashi. Ayyukan faɗaɗa tituna da gwamnatin Bago ta sa gaba sun taɓa wasu gine-ginen, sun kuma ɗaga darajar waɗanda suka wayi gari a bakin kwalta. A cikin unguwa ɗaya, a ce Kpakungu ko Barkin Sale, akwai gidan da mota ke isa ƙofarsa da damina, akwai wanda sai an naɗe wando. Sanya musu farashi ɗaya saboda sunan unguwa zalunci ne ga na biyun. Bambanta su ba tare da bayyana dalili ba kuma shi ke haifar da zargi.

Tsohon tabo

Akwai dalilin da ya sa kalmar haraji ke da ɗaci na musamman a Arewa. Daga Zungeru, nan cikin Jihar Neja ta yau, gwamnatin Lugga ta mulki Arewa, kuma dokar kuɗin shiga ta 1906 ita ce ta haɗe tsofaffin kuɗaɗen da sarakuna ke karɓa ta mayar da su haraji guda. Bature kan yanka wa gari jimla, dagaci da masu unguwanni su raba wa magidanta. A ƙasar Kano har malaman taki aka ɗauka, masu auna gonaki da taku. Koke-koken talakawa a wancan zamani sun fi yawa a kan rabon: wa aka ɗora wa, wa aka sauƙaƙa wa. Shi ya sa da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali bayan hawansu mulki a 1979, talakawa suka ɗauke shi 'yanci. Duk gwamnatin da ta zo karɓar kuɗi a kan gida a yau tana taka wannan tabo ne, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Duk da haka, adalci ne a faɗi hujjar gwamnati, domin tana da ƙarfi. Neja ce jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Najeriya, kuma kamar mafi yawan jihohi, kason da ake rabowa daga Abuja ne ke riƙe da ita. Titi da magudanar ruwa da famfo ba sa gina kansu. Masana haraji sun daɗe suna cewa harajin gida na cikin mafi dacewa ga birane: gida ba ya gudu, ba ya ɓuya, kuma wanda aikin gwamnati ya ƙara wa kadararsa daraja ya cancanci ya mayar da wani abu. Bankin Duniya ma, a shirinsa na SFTAS da ya fara a 2018, ya ɗaura wani ɓangare na tallafinsa ga jihohi a kan sabunta rajistar gidajen birane, domin a share fagen wannan haraji. Don haka duk mai tsammanin za a wayi gari an daina maganar, yana yaudarar kansa ne. Sai dai wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, ya haɗa kuɗi da maƙwabta a gyara tiransifoma a jihar da ke da madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru, yana da hakkin ya tambayi me kuɗinsa ya saya.

Legas ta riga kowa gwada haɗe waɗannan kuɗaɗe. A 2001, zamanin da Bola Tinubu ke gwamna, ta dunƙule kuɗin ƙasa da harajin gini da kuɗin raya unguwa ta mayar da su caji guda. A 2018 gwamnatin Akinwunmi Ambode ta sake dokar ta kuma sabunta ƙiyasi, takardu suka fito da adadin da ya firgita jama'a. Lauyoyi da 'yan kasuwa suka fito zanga-zanga, ala tilas gwamnati ta yi ragin da ya kai kashi 50 cikin ɗari ga gine-ginen kasuwanci. A 2020 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya mayar da kason yadda yake kafin 2018. Kuskuren Legas shi ne barin ƙiyasi ya kwanta shekaru da yawa sannan a tashe shi dare ɗaya. Ingila ta kauce wa irin wannan rigima ta hanya mafi sauƙi kuma mafi muni: har yau da ƙiyasin 1991 take karɓar harajin gidajen zama.

Misalin da ya fi kusa da halin Minna yana Saliyo. A 2020 hukumar birnin Firitawun, ƙarƙashin Magajiyar Gari Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da tsarin maki. An auna faɗin rufin kowane gida da hoton tauraron ɗan'adam, aka tura ma'aikata suka duba abubuwan da kowa ke iya gani daga waje, irin su kayan da aka yi bango da rufi da su, da yanayin hanya, da samun ruwa. Kowane abu da makinsa, jimlar maki ita ke fitar da haraji. Adadin gidajen da ke cikin rajista ya kusa ninkawa, nauyi kuma ya karkata ga manyan gidaje. Tsarin ya sha taƙaddama da gwamnatin ƙasar, kuma ba ya fitar da ainihin farashin kasuwa. Amfaninsa guda ne: mai gida na iya ɗaukar takardarsa ya tsaya a ƙofar gidansa ya duba ko abin da aka rubuta gaskiya ne. Idan an ce rufinsa sabon kwano ne alhali tsohon langa-langa ne, ya san abin da zai ƙalubalanta. Jihar da ta riga ta mallaki hukumar taswirar filaye ta yi rabin tafiyar. Saura jadawalin farashin kowace shiyya da za a liƙa inda kowa zai gani, da iyaka ga abin da za a iya ƙarawa a shekara guda, da sassauci ga ɗan fanshon da ke zaune a gidansa kamar yadda Legas ta tanada, da kwamitin sauraron ƙorafi wanda ba mai yanka harajin ne ke shugabantarsa ba.

Abubuwa biyu da suka faru a matakin tarayya za su ƙara matso da batun kusa. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya sake tayar da tambayar wa ke da hurumin karɓar me, kuma harajin gini na cikin 'yan hanyoyin samun kuɗi da tsarin mulki ya ambata da sunan ƙaramar hukuma. Sannan sababbin dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 sun ba ɗan haya rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa na shekara, har zuwa naira 500,000, daga abin da za a caje shi haraji a kai. Ma'aikacin da ke son wannan rangwame sai ya bayyana abin da yake biya. A hankali, kuɗin hayar da a da sirri ne tsakanin mai gida da ɗan haya zai fara shiga fayil ɗin hukuma. Ƙiyasi zai samu alƙaluman da ya daɗe yana nema, mai gidan haya kuma zai rasa mafakar da ya saba da ita. Abin da aka ƙara masa, ba shakka, a kan ɗan haya zai sauke, wanda sau da yawa ƙaramin ma'aikaci ne.

Ma'aikacin da ke Abuja gidansa na Minna yana da wata matsalar ta daban. Takardar neman biya takan iso ba ya nan. A miƙa wa mai gadi ko ɗan haya, a soke ta a bayan ƙofa, shekara ta zagayo wata ta biyo. Dokar 1978 ta ba gwamna ikon ɗora tara, ta kuma ba shi ikon soke takardar mallaka idan an saɓa sharuɗɗan da ke cikinta, biyan kuɗin ƙasa kuwa na cikin sharuɗɗan. Wanda ya ga an yi masa ba daidai ba, shirunsa ba ya zama ƙorafi a idon doka, bashi yake zama. Abin da ke tsaya masa shi ne rubutaccen ƙorafi mai kwanan wata da hatimin karɓa, wanda ya tambayi dokar da aka dogara da ita, da hukumar da ta aiko, da girman filin da aka rubuta, tare da rasidin duk abin da ya taɓa biya ta asusun gwamnati.

Akwai kuma gidajen da ko wannan ba za su iya ba. A tsofaffin unguwanni irin su Limawa da Unguwar Daji, gidaje da yawa na gado ne, magada sun watsu tsakanin Minna da Kaduna da Abuja, takardar da ke akwai, in ma akwai, da sunan kakan da ya daɗe da rasuwa take. Duk ranar da sabuwar rajista ta iso waɗannan lunguna, kafin a kai ga maganar nawa za a biya, sai an fara zama a kan sunan da za a rubuta.